Katangar da Ta Ƙi Faɗuwa

Dalilin da ya sa katangun garinmu na kan tudu duwatsu ne zalla, babu laka ko ɗigo, shi zan gaya muku yau. Ku matso, yara. Kai mai leƙa aljihuna, babu gyaɗa, zauna.

A da can ba haka ake gini ba. Akwai wani magini, Nomau, da matarsa Tabawa. Shi ke ɗora dutse, ita ke kwaɓa laka ta bi bayansa tana cusawa a kafofin. Tare suke fita, tare suke dawowa, suna tafe suna musu.

Wata rana suna katange gonar gero, Tabawa ta ce ai lakarta ce ke riƙe da ginin. Nomau ya ce laka kwalliya ce kawai, kamar lalle. Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya maimaita a gaban masu wucewa, har suka taya shi dariya.

Tabawa ta wanke hannunta tas, ta ce, "To Maigida, gina ba tare da ni ba. Na rantse ba zan dawo ba sai ranar da katangar nan ta faɗi." Ta gangara gidan iyayenta a gindin tudu.

Nomau ya ci gaba cikin fushi. Tunda ba laka, dole kowane dutse ya juya shi ya juya, sai ya gano gefen da yake son zama. Ya ɗora ɗaya a kan biyu, ya tura tsawonsa ciki, ya cika tsakiya da ƙanana. Kafin ya kai ƙarshen gonar fushi ya huce, saura kewa. Yakan aza dutse ya waiwaya ya ce a cika nan, sai ya ga ba kowa. Ya lallashi kansa cewa damina na tafe, za ta rushe, ya je biko.

Damina ta zo. Katangun maƙwabta laka ta jiƙa, ruwa ya taru a bayansu ya ture su. Tasa kuwa ruwa ya bi ta kafofin ya wuce abinsa. Mutane na yi masa barka, shi kamar ya yi kuka.

Ya sa kafaɗa ya tura, ko gezau. Ya ɗaure jakin maƙwabci a jikinta ya nuna masa dusa daga nesa, igiyar ce ta tsinke. Ya zare dutse ɗaya daga ƙasa, sauran suka ɗan motsa suka ƙara rungumar juna.

Da dabara ta ƙare, ya gangara ya shaida wa Tabawa wai katanga ta zube.

Ta dube shi ta ce, "Maigida, daga tsakar gidan nan nake hango ta. Duk aka ɗauke ruwa sai na fito na duba."

"Ni ma ita nake dubawa," in ji shi.

Haka suka tsufa, shi a sama, ita a ƙasa, suna jiran abu ɗaya.

Shi ya sa har yau maginanmu ba sa taɓa laka, irin ginin Nomau suka kwaikwaya don ya fi ƙarko. Tasa tana nan bayan tsohuwar rijiya. Ni dai duk na bi ta wurin nakan ɗan tura ta da kafaɗa, ko Allah zai sa.