Babban Kwaɗo Na Waziri Ne

A zamanin da, a wata ƙasa mai yawan tafkuna, an yi wani sarki da rantsuwar ƙarya ta ishe shi. Sai Wazirinsa Tukur ya kawo shawara: duk wanda ake zargi a ba shi kwaɗo ya lashi bayansa. In bakinsa ya yi kumfa, maƙaryaci ne, a sare kansa. Sarki ya amince.

Shi kuwa Waziri ya san abin da ya taka. A bayan idanun kwaɗo akwai ƙullutu biyu cike da wani farin ruwa kamar madara. Da ya taɓa harshe sai yawu ya ɓalle, zuciya ta hau bugu, ido ya juye. Wanda Waziri ke so ya tsira, tun a gida zai sa tsumma ya matse ruwan tas. Wanda ya tsana kuwa, ƙosasshen kwaɗo yake zaɓo masa.

Mutum ne da bai ɗauki kowa a bakin komai ba. Fadawa a wurinsa tumaki ne masu rawani, Sarkin ma kallon tulu yake masa, wanda aka ɗora bisa karaga. Ko goro ake rabo, hannunsa a kan babban yake sauka.

Ana nan, wata rana Jatau Sarkin Noma ya gaishe shi a tsaye, bai durƙusa ba. Waziri ya kai ƙara wai Jatau ya zagi Sarki.

Da aka kawo Jatau gaban Sarki, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mai ƙarar ma harshe gare shi. Ya lasa, in lasa."

Waziri ya yi murmushi, a ransa ya ce, dubi ƙazamin manomi. A fili ya ce, "Na yarda."

Kashegari ya zo da ƙwarya da kwaɗi biyu, wani ɗan ramamme da ya matse, da wani ƙato ya kumbura yana sheƙi. Ya miƙa hannu zai ɗauki ramammen.

Sarki ya ce, "Dakata, Waziri. Yaushe ka fara ɗaukar ƙarami?"

"Allah ya ba ka nasara, tawali'u ne."

"Kai ɗin? Ba nan ka mari Sarkin Zagi a kan cinyar rago ba? Ba zan bari manomi ya sha gabanka a fadata ba. Babban naka ne."

Jatau ya lashi ramammen, ya goge baki, ya ce, "Laka ce kawai."

Waziri ya duba dama da hagu, ya ga tumakin nan duk sun zuba masa ido. Ya ɗan taɓa ƙaton da harshe. Kafin ya ajiye shi, kumfa ta gangaro gemunsa, ƙirjinsa na dukan tara-tara.

Sarki ya ce, "Na daɗe ina lura, abokanka kullum ramammen kwaɗo ke faɗo musu. To, in kwaɗo gaskiya yake faɗi, kai maƙaryaci ne. In ƙarya yake, ka sa na kashe bayin Allah a banza. Zaɓi ɗaya."

Waziri ya buɗe baki, kumfa ce kawai ta fito.

Sarki ya kau da kai, ya ce, "Ku janye shi, yana ɓata mini shimfiɗa."

Aka zartar masa da hukuncin da ya kafa da bakinsa, aka raba dukiyarsa ga marayun waɗanda ya sa aka kashe, aka soke lasar kwaɗo a ƙasar. Jatau ya ɗauki ƙwaryar, ya bi ta tafki ya juye kwaɗin, ya wuce gonarsa.