Ranar da Ƙararrawa Ta Ƙi Firmin

Malaminmu, babban Fada, masani mai zuhudu da tawali'u, Allah ya haskaka makwancinsa, ya karantar da ilimin tauhidi a jami'armu har gashinsa ya yi fari fat, ba a taɓa jin ya ɗaga wa ɗalibi murya ba.

Limaman Katolika da suka kafa jami'ar da gudummawar masaƙa da manoma sun bar wata al'ada: duk ɗan gidan da ya rasu, shehun malami ne ko mai shara, sai an kaɗa masa ƙararrawar coci kafin a sanar da kowa. Mai kaɗa ta a lokacin shi ne dattijo Firmin, mutum mai taurin kai, ga shi bai da kowa a duniya sai 'yarsa Odile, ɗalibar likitanci, wadda sanƙarau ya kwantar a asibiti.

Wata ranar Talata da hantsi aka bugo waya cewa zuciyarta ta tsaya. Firmin bai yi kuka ba. Ya ce babu hannun da zai kaɗa wa 'yarsa ƙararrawa sai nasa, ya nufi hasumiyar cocin.

A gindin matakala ya tarar da malam zaune da carbinsa.

"Ina zuwa haka, Firmin?"

"Fada, ka matsa mini. Yarinyar ta tafi."

"Likita ya faɗi abin da ya gani, ɗana. Hau, ni zan ƙarasa addu'ata."

Firmin ya hau, ya kama igiya ya ja iya ƙarfinsa. Ƙararrawa ta yi lilo, harshenta yana dukan tagulla a gaban idonsa, amma ko ƙis ba a ji ba. Ya ja har tafin hannunsa ya ɗaye, sannan tsoro ya kama shi, ya sauko.

Malam ya miƙa masa hularsa da ta faɗi. "Tafi asibiti. Za ta nemi ruwa, kuma kai take so ka ba ta."

Haka ya sami Odile, ido biyu, likitoci sun kewaye ta. Sai a lokacin ya fashe da kuka.

Malam bai taɓa yarda a yi zancen a gabansa ba. Tsarki ya tabbata ga Mai rayarwa. Ya Ubangiji, ka ba mu albarkacin bawanka, ka tsayar da hannunmu ranar da muka yanke ƙauna.