Kocin da Ya Ce Wasa Ɗaya Ne Kawai

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, wanda Allah ya hore wa tsawo da hannu mai saiti. Ƙwallon kwando ce sana'arsa. Da ita ya gina gida mai bene, ya jera motoci. Da gwiwa ta gaza, kulob ɗinsa ya ɗauke shi koci. Albashin koci bai kai rabin na ɗan wasa ba, amma mutumin nan ya ƙi rage komai. Ya saba da rayuwar manya.

Ɗa ɗaya gare shi, saurayi, ya gaji tsawon uban, ya fi shi iya jefawa. A ƙarƙashinsa yake wasa. Kowa a fili "Koci" yake cewa, shi kuwa bakinsa kan suɓuce ya ce "Baba", a yi ta yi masa dariya.

Da wasan ƙarshe ya matso, shugabannin kulob suka ce in ya ci kofi za a ninka masa albashi, in ya faɗi ya nemi wani wurin. A makon nan likitan kulob ya kira shi ofis, ya rufe ƙofa.

"Koci, zuciyar yaron nan ba ta bugawa daidai. Kada ya sake shiga fili sai babban asibiti ya duba shi."

"Ka bar min, ni zan kai shi da kaina."

Bai kai shi ba. Bai gaya wa yaron ba, bai gaya wa uwarsa ba. Da likita ya tambaya, ya ce an duba, ba komai. A ransa yana cewa, ai wasa ɗaya ne kawai.

Ranar wasan, yaron yana ɗaure takalmi ya ɗago kai. "Baba, in na yi gudu numfashina yankewa yake."

"Fargaba ce. Ni ma haka nake ji a zamanina."

Ya 'yan uwa, wa ɗa zai yarda da shi in ba ubansa ba?

Yaron ya shiga. Suna kan gaba, jama'a na ihu, ya yi tsalle ya jefa, ya sauko ya durƙusa. Bai tashi ba. Kafin motar asibiti ta fita daga harabar, rai ya yi halinsa.

Likita ya zo ta'aziyya yana hawaye. Ya ce wa uwar, "Har yanzu na rasa yadda aka yi babban asibiti suka ce ba komai."

Ta ce, "Wane asibiti?"

Ta juya ta dubi mijinta, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta haɗa rigunan ɗanta, ta bar gidan.

Kulob ya kore shi. Babu uban da ya sake damƙa masa ɗansa. Yana nan da rai, ya tsufa kafin lokacinsa, kuma a duk duniya ba mai kiransa Baba.

Mutumin nan ba ya ƙin ɗansa, ya 'yan uwa. Yana son sa. Kwaɗayi ne ya raɗa masa cewa a jinkirta gaskiya zuwa gobe. Wace amana kake riƙe da ita yau, kana cewa bari albashi ya shigo tukuna? 'Ya'yanmu amana ne, ba jari ba.

Allah ya kiyaye mu daga abincin da za mu ci da ran 'ya'yanmu. Allah ya jiƙan yaron nan, ya sanyaya zuciyar uwarsa. Amin.