Irin Hatsin Baba Kailu da Baƙin Indiya

Akwai wani dattijo a wani ƙauye kusa da Filinge, sunansa Kailu. Ba shi da dukiyar da ta wuce irin hatsin da ya gada wurin mahaifinsa, mai nuna da wuri ko damina ta gaza. Duk kaka shi da kansa yake bin gona yana zaɓen zangarniya ɗaya-ɗaya, ya ɗaure damin iri daban. Shekara talatin bai yarda ya gauraye da wani ba.

Wata rana shugaban ƙungiyar manoma, Fahad, ya dawo daga Yamai da labari. Baƙi za su zo daga Indiya tare da mutanen ofishin jakadancinsu, neman irin da ke jure fari. Ƙungiyar da irinta ya yi musu, za a ƙulla ciniki da ita, a kafa mata famfo mai aiki da hasken rana.

Kailu ya tuna yadda guga ya cinye hannuwan matan ƙauyen. Ya kwashe dammansa biyar, iyakar abin da ya rage masa, ya kai.

Fahad ya dube su ya yatsine fuska. "Baba, waɗannan ƙananan zangarniyoyin za mu nuna wa manyan baƙi? Bar mini, na san abin da mutanen waje ke so."

Jama'a, ku ji aikin banza! Mutumin nan ya sa aka sussuke irin duka. Ya sayo hatsi mai manyan ƙwaya a kasuwa ya zuba a ciki, ya yayyafa man gyaɗa don ya yi ƙyalli, ya ɗura a sababbin buhuna. Wallahi ko ni mai ba ku labari raina ɓaci yake.

Ranar taro Fahad ya ce wa Kailu, "Kai Baba, da wannan rigar taka, zauna can baya."

Kailu ya koma baya ya zauna. Bai ma san abin da aka yi wa irinsa ba.

Shugabar baƙin, wata mata mai furfura, ta ɗebi hatsin a hannunta. Ta sansana, ta shiga ware ƙwayoyin da yatsa. Sai ta yi magana, tafinta ya fassara:

"Ta ce ita ma 'yar manoman hatsi ce. A ƙasarsu ma a zangarniya ake gane iri. Wannan launi uku ne a gauraye, ga warin mai. Ina zangarniyar?"

Fahad ya fara zuba Faransanci yana share gumi. Kailu kuwa ya ratsa mutane, ya zura hannu cikin buhu. Da ya ga abin da ya fito da shi, sai ya juya ga Fahad.

"Fahad! Irin ubana ne wannan? Shekara talatin ina tsaronsa daga gara da ɓera da yunwar gidana, ashe kai ne ɓeran! Yaran gidana sun kwana da yunwa ban taɓa shi ba. Kai ka kashe shi rana ɗaya don a ce ka waye. Tir!"

Tafinta ya fassara kaf, bai rage ko kalma ba.

Matar ta tambaya ko akwai saura. Kailu ya ce, "Bara na ba wani Zaidu na wajen Damana dami guda, da fari ya cinye gonarsa. Wannan shugaban namu har dariya ya yi mini, wai ina rabon arziki ga mabarata."

Baƙi suka sa Kailu a gaban mota, sai Damana. Zaidu ya buɗe rumbu, ga dammai goma sha biyu, tsantsar irin Kailu. Ya durƙusa ya ce, "Baba, naka ne, ɗauki son ranka."

Can aka ƙulla cinikin, can aka kafa famfo. Kailu ya dawo da irinsa, amma matan ƙauyensu har yau guga suke ja. Duk wadda ta wuce ƙofar Fahad da tulu a ka, sai ta tsaya ta ce, "Sannu shugaba, ina ruwan namu?"

Darasi: Wanda ya ji kunyar abin gidansu, shi baƙo zai fara rainawa, kuma wautar shugaba talakawa take ci. Alheri kuwa danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu wakiltarmu gaban baƙi.