Kafintan da Ya Ƙi Sanda

Akwai wani kafinta da duk layinsu suka san shi da ƙarfi. Shi kaɗai yake cicciɓar ƙyauren ƙofa ya hau bene da shi, ko haki ba ya yi. Mutumin kirki ne, amma fa akwai girman kai. Gara ka zage shi da ka ce masa "sannu".

Da ciwon hanta ya ci ƙarfinsa, cikinsa ya kumbura, damatsan nan suka zube. Likita ta ce ba sauran magani sai dashe. Babbar 'yarsa ba ta yi wata-wata ba, ta ce a yanki wani ɓangare na hantarta a sa masa. Aka gwada, ta dace.

"Amma da sharaɗi, Baba," in ji likitar. "Aikin babba ne, sai da ƙarfi a jika. Ciwon nan tsoka yake ci, zama kuma taya shi yake yi. Kullum ka taka, ko zuwa bakin layi ne. Bayan wata uku zan gwada ka."

'Yar ta sayo masa sanda. Ranar farko suka fita a hankali. Daidai ƙofar shagonsa, wani da ya taɓa yi wa gado ya tsaya ya riƙe baki. "Kafinta! Kai ne ka koma haka? Wayyo, sannu!"

Shi ke nan. Ya juya gida, ya cilla sandar ƙarƙashin gado, ya zauna a kujerarsa mai hannuwa, wadda ya ƙera da kansa.

"Baba, don Allah tashi mu je," in ji 'yar washegari.

"Ni za a mayar abin kallo? In na warke na fita da ƙafata."

"To mu zagaya ɗaki."

"Ke, ni yaro ne da za a koya wa tafiya?"

Ta yi lallashi, ta yi kuka, har fushi ta yi, amma ko gezau. Ruwa a kawo masa, abinci a kawo masa, yana zaune yana kallon taga.

Wata uku kamar yau. A asibiti likita ta ajiye masa kujerar roba, ta ce ya rungume hannuwa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar. Ya yi murmushi, shi da ya shekara talatin yana ƙera kujeru. Ya yunƙura, ya koma. Ya sake, ya koma. A na uku ya lalubi hannun kujera, wannan kuwa ba ta da shi.

Likitar ta sunkuyar da kai. "Baba, jikinka ba zai ɗauki aikin ba."

Suna isa gida ya ce da ƙaramar murya, "Ina sandar nan?" 'Yar ta durƙusa ta zaro ta, duk ta yi ƙura. Ya dogara, ta tallafe shi, amma ko ƙofar ɗaki bai kai ba. Kafin wata ya ƙare ya rasu. Abin tausayi, har yau 'yar ba ta iya kallon sandar ba tare da ta yi hawaye ba.

Darasi: girman kai rawanin tsiya ne. Masu kallo minti ɗaya za su kalle ka su wuce, ƙarfin da zama ya cinye kuwa ba ya dawowa da "da na sani". In likita ya ce ka motsa, ka motsa gwargwadon iyawarka, ko da sanda ne, ko da a idon mutane ne.