Ƙuli-ƙulin Gwaggo Mujiya

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne.

Ta zo mu ji ta.

Akwai wani a zaman nan, ba zan kama suna ba, da duk abin da ya gani a wurin mutane sai ya kai baki kafin ya tambayi mene ne. Ya san kansa. To, ya saurara.

Kurege ne yunwar bazara ta kama. Kullum in ya bi ta gindin wata tsohuwar kuka, sai ya hangi Mujiya a kan faffaɗan reshe, ta wage baki, ta turo wani dunƙule, ta bar shi a gefenta. Yau dunƙule, gobe dunƙule.

Kurege ya je gida ya ce wa matarsa Tabawa, "Dafa rama, yau kwaɗo za mu ci. Akwai tsohuwar da ƙuli-ƙuli ya yi wa yawa har tana dawo da shi."

Ta ce, "Maigida, wace tsohuwa?"

Ya ce, "Mujiya. Da rana barci take yi. Ko ta farka, ai kowa yana da ƙeya. Ta ƙeya zan bi."

Rana ta take, Kurege ya hau kuka ta baya, saɗaf-saɗaf. Ya ɗauki dunƙule ɗaya ya cusa a kumatu. Ya ishe shi? Ina. Ya ɗauki na biyu ya cusa. Ya ishe shi? Ina. Ya miƙa hannu ga na uku, wanda ke dab da wutsiyarta.

Sai ƙeya ta zama fuska.

Jiki bai motsa ba, ƙafa ba ta motsa ba. Kai ne kawai ya juyo, da idanu biyu kamar faifai.

Mujiya ta ce, "Sannu da hawa, ɗan nan."

Kurege ya sandare. Da kumatu cike ya ce, "Gwaggo, wuyanki ne ya karye?"

Ta ce, "Wuya lafiya lau, ni ce dai ban karya ba. Tun kana ƙasa nake jin kukan cikinka. Yanzu kuma zuciyarka nake ji, tana ta luguden daka."

Ya ce, "Gaisuwa na zo."

Ta ce, "Ta baya ake gaisuwa a garinku? Matso."

Kurege ya dubi farcenta. In ya ruga, fuka-fukanta ba sa ƙara, sai dai ya ji ƙugiya a gadon baya. Ya ɗan matsa dama. Ƙwayar idonta ba ta bi shi ba, kan ne gaba ɗaya ya biyo. Ashe tsohuwa ba ta iya satar kallo ba.

Ya ce, "Gwaggo, a garinmu ba a cin baƙo sai ya zagaya mai gida sau uku. In ba haka ba, a wuya yake tsayawa."

Ta yi hamma ta ce, "Zagaya, ina kallonka."

Ya zagaya, kai yana bi. Ya zagaya, kai yana bi. Wuya ya murɗe, ya murɗe, har ya kai iyakarsa, dole ta warware shi ta ɗaya gefen. Kafin ido ya dawo, Kurege ya dire ƙasa ya faɗa rami.

Ya isa gida yana haki, ya tofar da dunƙule biyu a turmi, ya ce, "Daka."

Tabawa ta sa taɓarya, ƙwas. Sai ga gashi. Sai ga ƙananan ƙasusuwa. Sai ga ɗan ƙoƙon kai, haƙori ɗaya a gutsure. Ita Mujiya haɗiye abinci take yi ɗungurungum, nama ya zauna a ciki, gashi da ƙashi ta dunƙule ta dawo da su.

Tabawa ta saki taɓarya. "Innalillahi. Maigida, wannan haƙorin na Kawu Ɓera ne, wanda aka ce ya tafi ci-rani."

Kurege ya zauna daɓas. "Kawu ne na ɗauko a baki?"

"Tun daga kuka har gida."

Sai Kurege ya ce, "Tabawa, har na ɗan tsotsa a hanya."

Ƙurunƙus kan ɓera, yau kam da gaske kan ɓera ne. In za ka yi sata, fara tabbatar mai kayan yana da ƙeya, kuma ka fasa kafin ka tsotsa. Wanda ya ce ƙarya na shirga, gobe ya je inda mujiya ke yini, ya tsinci dunƙule ɗaya ya fasa. In ya ga gyaɗa a ciki, ya zo gabana ya ƙaryata ni.