Burtalin Giwayen Sarki Zailani

An yi wani sarki a birnin Marke, ana ce masa Zailani, mutum mai nufin alheri amma mai gajen haƙuri, wanda in ya ba da umarni da safe yakan so a ce an gama kafin azahar. A gabas da birninsa akwai wani kurmi da kakanninsa suka haramta farauta da saran itace a cikinsa, suka bar shi waƙafi ga jama'a, har ran Juma'a da la'asar magidanta kan fita da iyalansu shan iska a bakinsa, suna kallon barewa da gwanki, wani jiƙon har su hango giwaye. In rani ya yi, tafkunan kurmin suka ƙafe, dabbobin sukan gangara kogi ta wata hanya da suka gada tun babu ko bukka a wurin.

Sannu a hankali birni ya bunƙasa, gidaje da gonaki suka cike tsakanin kurmi da kogi. Giwaye kuwa ba wanda ya gaya musu an yi ciniki, suka ci gaba da bin hanyarsu, suna take rogo suna karya shinge. Da ƙara ta ishi sarki, sai ya yi umarni a ƙara wa kurmi faɗi, a yanka wa namun daji burtali irin wanda ake bar wa shanu a tsakanin gonaki, tun daga bakin kurmi har kogi.

Umarnin ba shi da aibi, amma ku ji yadda aka zartar da shi, don ni har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Masu igiyar awo suka tashi, ba su yi nisa ba suka tarar da lambun Galadima, suka kauce hagu. Suka ƙara gaba suka tarar da garkar Ma'aji, suka kauce dama. Duk inda suka iske gonar mai rawani sai igiya ta lanƙwashe, duk inda suka iske ta talaka sai ta miƙe ɗoɗar ta raba ta biyu. Aka yi wa burtalin shingen ƙaya, aka buga tambura, fadawa suka yi ta yabon hikimar sarki, ba wanda ya taka ya ga inda hanyar ta fita.

Rani ya sake zagayowa, giwaye suka sinsina bakin burtali, suka juya suka bi tsohuwar hanyarsu. Sarki ya fusata, ya kira Sarkin Dawa Jatau, wanda shi ne mai tsaron kurmin, ya ce ya tara maharba a hallaka garken gaba ɗaya.

Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, rawanin nan don in tsare su aka naɗa mini shi. In ka ce in cire, yanzu zan cire, amma ba zan ɗana kibiya ga abin da aka ba ni amana ba."

Nan take aka sa masa mari a ƙafa, aka miƙa shi ga Alƙali Mu'allayiɗi, dattijon da ya daɗe yana haɗiye takaicin fada. Sarki ya ce in laifi ya tabbata a tuɓe Jatau a kore shi daga ƙasar, a naɗa wanda zai harbe giwayen.

Alƙali ya zo fada ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, shari'a ba ta yanke hukunci a kan abin da ba ta gani ba. Tuhumar ita ce an ba giwaye hanya sun ƙi ta, kai ne kuma mai ƙara. Ina roƙon mai ƙara ya nuna mini hanyar da kansa, a ƙasa, da rana, kamar yadda ake son su bi ta. Masu ɗaukar ruwa kuma su jira mu a bakin kogi, domin giwa ba ta tafe da gora."

Galadima ya fara cewa wannan bai dace da martabar sarauta ba, sarki ya katse shi. "Ku bari mu je a gama, maganar nan ta ishe ni."

Washegari da hantsi suka shiga burtali, sarki a gaba, alƙali na dogara sandarsa a baya, masu sarauta na biye suna sharce gumi. Da farko sarki har yana yaba faɗin hanyar. Da rana ta take, ya hango kogi na ƙyalli a gabansa, sai hanya ta juya shi ta ba kogin baya.

Ya ce, "Alƙali, ina muka dosa? Ga ruwa can mun baro shi."

Alƙali ya ce, "Lambun Galadima muke kewayawa, ranka ya daɗe."

Galadima ya yi ta gyaran rawani. Aka ci gaba, aka ratsa tsakiyar gonakin talakawa, rabi nan rabi can, aka sake lanƙwasa. Sarki bai ma tambaya ba, ya dai waiwaya ya dubi Ma'aji, Ma'aji ya dubi ƙasa. Maƙogwaron sarki ya bushe, takalmi ya ci masa ƙafa, ya yi tsaki har ba iyaka.

Can azahar ta gota, suka iso inda ake jin ƙamshin ruwa, kogi bai fi jifa da dutse ba, sai burtali ya sake karkata arewa, ba a ganin ƙarshensa. A daidai nan kuwa akwai wani gurbi a shingen, inda aka take ƙaya ta kwanta. Sarki ya tattare rigarsa, ya afka ta gurbin, ya ratsa gonar rake yana karya ta, ya durƙusa a bakin kogi yana kamfata da hannu, tun kafin masu ruwa su iso da moɗa.

Da ya ƙoshi ya ɗago, sai ga alƙali tsaye a kansa. Alƙali ya ce, "Allah ya ba ka nasara, gurbin da ka bi, giwaye ne suka buɗe shi, raken da ka karya kuma na gandunka ne, shi ne aka yi wa wannan doguwar kewaya."

Sarki ya ce cikin fushi, "Ni ban ce a kauce wa ganduna ba."

"Ba ka ce ba, kuma ba sai ka ce ba, mai igiya ya san gonar da ake tsoro. Yanzu ga masu laifi biyu a gabana a kan laifi ɗaya. Ɗaya yana da hankali, shi ya kafa dokar, amma ko yini guda bai iya riƙe ta ba. Ɗayan kuwa dabba ce mai ƙishirwa, da 'ya'ya a bayanta. In ka ce a hukunta, zan hukunta, sai dai da mai hankali shari'a take farawa."

Kunya da haushi suka cika sarki, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Daga nan ya sa aka kwance Jatau aka kawo shi, ya ce masa, "Na zalunce ka, Sarkin Dawa. Ka bi sawun dabbobin nan, duk inda ya bi a haɗa shi da kurmi, a fara da ganduna. Galadima da Ma'aji a ba su musayar fili a yamma da birni, talakawa kuma a mayar musu da gonakinsu." Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa alƙali, ya ba shi dokinsa da aka kawo don komawa gida, shi sarki kuwa ya taka da ƙafa har gida, yana ɗingishi.

Saboda haka, ya ku masu riƙe da igiyar mulki, ku sani dokar da ta kauce wa gonar babba ta bi ta kan gonar ƙarami ba adalci ba ce, kuma kada mai mulki ya hukunta wani a kan hanyar da shi kansa ba zai iya bi ba.